Ciwon ƙugu ya ƙi sakina, ga aikin ɗinki ya taru: mene ne abin yi?

Tela daga Aboabo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a Aboabo, nan cikin Kumasi, shekaruna sun haura 40, kuma tun ina saurayi nake kan keke. Ciwon ƙugu ya kama ni tun bara, kuma har yau bai sake ni ba, sai dai ya lafa yau ya tashi gobe. Yana zaune ne a ƙasan baya, daidai inda ake ɗaure wando, ya fi tsananta a ɓangaren dama, wani lokaci yakan gangaro cikin ɗuwawu, amma bai taɓa wuce gwiwa ba. Idan na daɗe a zaune ina taka keke, miƙewa takan zama aiki, sai na dafa teburin yanka na tashi a hankali, na ɗan jima a ranƙwafe kafin bayan ya yarda ya miƙe. Da asuba ma a ƙage nake tashi, ruku'un raka'ar farko da ƙyar nake yin sa.

Na shafa man zafi iri-iri. Ina sayen diklofenak a kantin magani, kuma idan na sha nakan samu sauƙin wuni guda. An yi mini ƙaho a wurin wanzami, na sha maganin basur na kwalba saboda wasu sun ce shi ne tushen abin, yanzu kuma ina ɗaura bel mai faɗi a ƙugu daga safe har dare. Na je wani asibiti mai zaman kansa aka ɗauki hoton ƙashi, wanda ya duba hoton ya ce ƙashin ya fara cinyewa, ya rubuta mini magani, ya ce in rage aiki in yawaita kwanciya. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin ina da iyali da yara masu koyon aiki a hannuna, kuma kwanciya ba ta biyan kuɗin haya.

Tambayata ita ce, shin wannan ciwo yana warkewa, ko kuwa hanyar da za ta kai mutum ga kasa tafiya ce? In nemi kuɗin hoton MRI, wato hoton na'urar da take nuna tsoka da jijiyoyi ba ƙashi kaɗai ba, kamar yadda wani abokina ya ba ni shawara? Sannan akwai abin da mutum zai yi da kansa a gida ko a shago wanda yake da amfani na gaskiya? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Mai gashin ƙashi, Asawase

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, Malam. Aikina ke nan, kuma irin bayanin da ka yi shi ne abin da muka fi ji a ɗakin gashi, daga teloli da direbobi da makanikan Suame Magazine har zuwa ma'aikatan ofis. Ba zan iya gane ciwonka daga rubutu ba, sai an duba ka ido da ido, amma akwai abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sake kashe ko sidi ɗaya.

Zan fara da alamomin da ba a jira da su. Idan fitsari ya ƙi fita, ko kuma fitsari da bayan gida suka fara zubowa ba da saninka ba, ko tsakanin cinyoyi da wajen al'aura ya mutu har ba ka jin taɓi idan kana tsarki, ko ƙafa ta fara rauni tana jan ƙasa, to wannan na gaggawa ne, a ranar za ka nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, domin yana iya nufin an danne jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma jinkiri yana iya barin lahani na dindindin. Haka nan idan ciwon yana tare da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama ba dalili, ko yana tashe ka daga barci ko da ba ka motsa ba, sai likita ya bincika, saboda tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ciwon daji, musamman na furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, a wajen waɗanda suka manyanta, yana iya bazuwa zuwa can. Mai sikila, da wanda ya faɗi daga babur ko daga gini kafin ciwon ya fara, su ma hukuncinsu daban ne. Cikin abin da ka rubuta ban ga ko ɗaya daga waɗannan ba, amma kai ne ka san jikinka, sai ka faɗa mana idan akwai.

Idan babu su, to mafi rinjaye kana cikin rukunin da ya haɗa kusan mutum 9 cikin 10 na masu ciwon ƙugu, wato waɗanda ba a iya nuna ƙashi ɗaya ko jijiya ɗaya a ce ita ce mai laifi. Ciwon da ya wuce wata 3 shi ake kira mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aiki da walwala. Na kawo wannan adadi ne domin ka san cewa an yi wa abin bincike mai yawa, kuma sakamakonsa bai goyi bayan yawaita kwanciya ba.

Maganar cinyewar ƙashi ita ce ta fi ɗaga maka hankali, shi ya sa zan tsaya a kanta. A ƙugu akwai ƙasusuwa 5 a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai ɗauke da ruwa, wanda yake rage gogayya da jijjiga. Da shekaru suka ja, faifan yakan rage ruwa ya ɗan kwanta, gefen ƙashin kuma ya ɗan yi tsini, kuma abin da hoto yake nunawa ke nan. A shekarar 2015 masu bincike sun tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, suka tarar kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da irin wannan canji a faifan, a wajen 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Da za a ɗauki hoton duk mazan da suke sahu ɗaya da kai a masallaci, da yawansu za a ga abin da aka gani a naka, alhali suna ruku'u ba tare da sun ji komai ba. Saboda haka ba na ganin hikimar neman bashi domin MRI a halin da kake ciki. Ana yin sa ne idan akwai waɗancan alamomi, ko ciwon da yake sauka har tafin ƙafa ya ƙi jin magani kuma ana tunanin tiyata.

Abin da ya fi samun hujja shi ne motsa jiki da aka tsara, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan. Ka fi ni sanin abin da yake samun keken da aka rufe a lungu wata da watanni ba a taka shi ba, to tsokar baya ma haka take. Ka fara da tafiya a ƙasa ta minti 10 bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi da kafin 'yan pragya, masu babur mai ƙafa uku, su cika hanya, kana ƙara minti kaɗan duk mako har ka kai rabin awa, kwana 5 a mako. A Ostireliya an yi gwaji da mutum 701 da suka farfaɗo daga ciwon baya, aka buga sakamakon a 2024: waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya tare da wayar da kai sun kai kwana 208 a matsakaici kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, waɗanda aka bari haka nan kuwa kwana 112.

A kan tabarma kuma, ka kwanta rigingine ka jawo gwiwoyinka zuwa ƙirji ka riƙe na ɗan lokaci, sannan ka kafa tafin ƙafa a ƙasa ka riƙa karkata gwiwoyin dama da hagu a hankali. Daga nan, kana kwance yadda kake, ka ɗaga ɗuwawu sama har cinya da ciki su daidaita, ka ƙirga biyar ka sauke, sau 8 zuwa 10. Idan wannan ya zauna maka, ka durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare, sannan ka sauya. Ɗan ciwo a lokacin motsin ba alamar ɓarna ba ne. Ma'aunin da muke ba mutane shi ne, idan zuwa washegari ciwon ya koma yadda yake, ka ci gaba, idan kuwa ya ƙaru ya zauna, ka rage yawan amma kada ka daina. Sai an yi mako 6 zuwa 12 ana yi kafin a yanke hukunci a kansa, kuma a nan ne yawancin mutane suke karaya.

A shago, kada ka wuce rabin awa a zaune ba ka tashi ba. Ka raba aikinka ta yadda yanka da guga za su riƙa shiga tsakanin ɗinki, maimakon ka tara su a ƙarshen wuni. Ka nemi kujera mai majingini a madadin benci, ka naɗe tawul ka sa a ramin ƙugu, ka matso da keken kusa da jikinka, kuma ka ƙara haske a kan allura, domin duhu yana sa tela ya duƙa fiye da kima. Idan za ka iya zuwa sashen gashin ƙashi na asibitin gwamnati, ka je da katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, domin gashi na cikin ayyukan da inshorar take ɗauka, sai dai ka tabbata katin bai mutu ba kuma ka bi ta hannun likitan da zai tura ka.

Hajiya mai atamfa, Alabar

Sannu ƙanena, Allah ya yaye maka. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma na daɗe da wannan ciwo, tun zamanin da nake ɗaga dilar atamfa da kaina a tsohuwar kasuwa. Na yarda da abin da mai gashi ya faɗa a kan tafiya, domin na ga amfaninta, sai dai ina ganin ya tsallake abin da yake sa mutum ya iya tashi ya yi tafiyar tun farko. Wanda ya wayi gari a ƙage ba zai fita ba sai an sassauta masa.

Abin da nake yi shi ne, kafin in kwanta da kuma da asuba, ina zuba ruwan zafi a gorar roba mai kauri, in naɗe ta da zani, in jingina ta a ƙugu kamar minti 15 zuwa 20. Kada ka ɗora ta a fata kai tsaye, kuma kada barci ya ɗauke ka tana jikinka, na ga wata maƙwabciyata mai ciwon suga da ta ƙone bayanta ba ta ji ba sai da safe. Bayan gashin sai jikata ta yi mini tausa da man kaɗanya, da tafin hannu take bi, daga tsakiyar baya zuwa gefe, ba ta danna kan ƙashin. Ban ce wannan yana kashe ciwon ba, amma yana ba ni sa'o'in da nake yin harkata, kuma a wurin mai kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa yaro ya hau baya yana tattakawa, ko a je wurin wanda zai murɗe mutum da ƙarfi har a ji ƙas.

Sai kuma damuwa. Na lura duk lokacin da kaya suka maƙale a hanya, ko masu bashi suka yi mini shiru, ko na kwana ina lissafi, ciwon yakan ninka, alhali ban ɗaga komai ba. Kai da kake da masu kaya suna maka sintiri kafin Sallah, ka rage karɓar aikin da ka san sai ka kwana a shago kafin ka gama shi. Ga 'yan'uwana mata da suke karantawa kuma, idan ciwon ƙugu yana tare da zubar jini mai yawa lokacin al'ada ko nauyi a mara, ku je a duba mahaifa, kada ku tsaya shafa man zafi.

Mai harhaɗa magunguna, Nima

Daga Accra nake rubutu. Malam, abin da ya tsaya mini a bayaninka shi ne diklofenak ɗin, domin daga yadda ka faɗa, ya zama abincin kullum. Shi da ibuprofen da naproxen dangi ɗaya ne, suna rage ciwo da kumburi, kuma suna cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa. Amma amincewar ta ɗan lokaci ce, da mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki, a kwanakin da ciwon ya tashi. Shan su wata da watanni yana iya cinye bangon ciki har ya zama gyambo mai zubar da jini, yana tayar da hawan jini, yana kuma gajiyar da ƙoda a ɓoye, ba tare da mutum ya ji komai ba sai abin ya yi nisa. Wanda yake da gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko ciwon zuciya, ko mace mai ciki, bai kamata ya taɓa su ba sai da izinin likita. Kada a sha su ciki babu abinci, kada a haɗa biyu daga cikinsu lokaci guda, kuma a yi hattara da su a watan azumi, lokacin da jiki yake ƙarancin ruwa. Idan ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, ko kana jin zafi a ƙahon zuciya, ka tsaya da shan sa ka ga likita. Tunda ka daɗe a kansa, ina ba ka shawara a auna jininka kuma a gwada ƙodarka ko da ba ka jin komai.

Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, amma shi kaɗai bai nuna wani tasiri mai yawa a kan ciwon ƙugu ba, shi ya sa ƙa'idojin Birtaniya na 2016 suka ce kada a dogara da shi shi kaɗai. Man shafawa mai ɗauke da sinadarin barkono yana taimaka wa wasu, kuma haɗarinsa kaɗan ne matuƙar an wanke hannu bayan shafawa kuma fatar ba ta da rauni.

Abin da nake roƙonka da girman Allah ka nisanta shi ne tiramol. Kowa a zango ya san abin da ya yi wa samarinmu, kuma da yawansu ba neman maye ne ya kai su ba, ciwon jiki ne bayan dako ko tuƙi, wani ya ce ga abin da zai sa ka yi aiki ba gajiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta yi wa mai miligiram 50 da mai 100 rajista ne, a sha bisa takardar likita, amma wanda yake yawo a hannun 'yan talla yakan kai 225 ko 250. Ƙa'idojin 2023 da na ambata sun ce kada a yi amfani da wannan dangin magani a ciwon ƙugu mai daɗewa, domin sauƙin da yake bayarwa kaɗan ne, jiki kuma yana sabawa da shi da wuri, ga farfaɗiya da yake jawowa idan an sha da yawa.

Haka nan ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda kala-kala ba suna, da wasu magungunan kwalba da ake talla a cikin mota ana cewa suna maganin ƙugu da basur da sanyi da raunin maza gaba ɗaya. Ba ka san abin da yake ciki ba. Wani lokaci akan sa deksametazon, wanda yake kashe ciwo da sauri, amma idan an daɗe ana sha yana kumbura fuska, yana tayar da suga, kuma yana rage ƙarfin ƙashin da ake neman gyarawa. Duk abin da za ka saya, ka duba lambar rajistar hukumar a jikinsa.

Direban Kumasi zuwa Tamale

Allah ya ƙara sauƙi, maigida. Na san masu ilimi ba su cika yabon irin bel ɗin da tela ya ce yana ɗaurawa ba, zan ɗan saɓa musu a nan, su gafarce ni. Ni bel ya taimake ni. Wanda ya san hanyar Techiman zuwa Kintampo ya san irin jijjigar da ƙugu yake sha, kuma ranar da na ɗaura shi nakan sauka a Tamale ina iya miƙewa, ranar da na manta shi kuwa sai yaron mota ya kama ni. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa tela ya jefar da nasa ba. Abu na biyu da ya yi mini amfani shi ne cire walat daga aljihun baya, domin zama a kansa yana karkatar da mutum gefe ɗaya tsawon tafiya. Na uku, na bar katifa na koma kwana a ƙasa a kan tabarma, kamar yadda iyayenmu suke cewa ƙasa tana miƙar da baya. Ina so mai gashi ya faɗa mana gaskiyar maganar basur, domin a tasha kowa ya yarda shi ne yake hawa ya kama ƙugu.

Mai gashin ƙashi, Asawase

Direba, ban ƙaryata abin da ka ji a jikinka ba. Bel yana ba da ɗumi da jin an tallafe mutum, kuma idan ka ɗaura shi na sa'o'in tuƙi ka kwance da ka sauka, ba zan yi faɗa da kai ba. Amma da aka gwada shi a kan mutane da yawa ba a ga yana rage ciwo mai daɗewa ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar amfani da su ba, tare da na'urar jan baya. Abin da nake gudu ga tela shi ne ɗaura shi daga safe har dare, domin yana koya wa mutum cewa bayansa abin lallaɓawa ne, sai ya daina duƙawa, ya daina juyawa, tsoron kuma ya ƙara ƙage shi. Ya riƙa rage sa'o'in a hankali har ya rabu da shi. Kai kuma, tsayawar minti biyar a Kintampo kana zagaya mota za ta yi maka abin da bel ɗin ba zai yi ba.

A kan shimfiɗa, an yi gwaji a Sifaniya da aka buga a 2003, inda masu ciwon ƙugu da aka ba katifa mai matsakaicin tauri suka fi waɗanda aka ba mai tauri sosai samun sauƙi. Idan tabarma ta karɓe ka, ka zauna a kanta, amma ba doka ba ce ga kowa. Wanda yake kwana ta gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyi, mai kwana rigingine ya sa shi a ƙarƙashinsu.

Basur kuwa kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, yana kawo ƙaiƙayi da zafi da jini a wurin, amma ba ya hawa ya kama ƙashin baya. Abin da yake haɗa su a idon mutane shi ne, dogon zama da rashin motsi suna taimaka wa duka biyun, saboda haka sukan taru a jikin direba da tela. Hajiya ta yi gaskiya a kan gashi da tausa da damuwa, kuma rashin barci da shan taba su ma suna cikin abubuwan da suke sa ciwon ya daɗe. Ƙaho kuma, idan mutum ya nace sai ya yi, ya tabbata reza sabuwa ce aka buɗe a gabansa, saboda ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan kuma ta jini yake bi.

Malami daga Sawaba

Allah ya sa kaffara ne, ɗan'uwa. Zan taɓa ɓangaren sallah kawai, tunda ka ambaci ruku'u. Ya tabbata a cikin Buhari cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya umarce shi ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Abin da malamai suka fahimta shi ne, mutum yana yin abin da zai iya na kowane rukuni, abin da ya gagare shi ne kawai yake sauka daga kansa. Wanda yake iya tsayuwa amma ruku'u yake ba shi wahala, sai ya tsaya ya karanta, ya sunkuya gwargwadon ikonsa. Wanda sujada ta gagare shi ya zauna ya yi nuni, ya sa nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa.

Na faɗi wannan ne saboda ina ganin iri biyu a masallacinmu. Akwai wanda yake cije baki yana azabtar da kansa saboda kunyar a gan shi a kujera, akwai kuma wanda ya hau kujera ranar da ciwo ya tashi, ya warke bai sauko ba. Idan na fahimci bayanin mai gashi, duƙawa a hankali ba ta lalata baya, saboda haka ka ɗauki rangwamen a ranar da kake buƙatarsa, ka koma cikakkiyar sallah da zarar ka samu iko. Ka riƙa tashi da ɗan sauran lokaci kafin kiran asuba ka yi gashin da Hajiya ta faɗa, sannan ka taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa da gidanka.

Tela daga Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Babu ko ɗaya daga alamomin da aka lissafa a tare da ni, fitsari lafiya, ƙafafu da ƙarfinsu, ba zazzaɓi ba rama. Sai dai zafin ƙahon zuciya da mai magani ya ambata ina jin sa a 'yan kwanakin nan, don haka na ajiye diklofenak, kuma gobe in sha Allah zan je a auna jinina a duba ƙodar, in nemi takardar zuwa wurin gashi. Saura tambaya ɗaya ga mai gashi: keken nawa na ƙafa ne, kuma da ƙafar dama kaɗai nake taka shi. Ko sa masa injin lantarki zai rage mini wani abu?

Mai gashin ƙashi, Asawase

Zai iya rage gajiyar ƙafa da kwatangwalon dama, amma yana da nasa tarkon, domin mai keken lantarki yakan fi daɗewa a zaune ba motsi. Kafin ka kashe kuɗi, ka gwada ɗora ƙafafu biyu a kan matakin, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kana sauya su lokaci-lokaci, kuma ka daidaita tsayin kujerar yadda gwiwoyinka ba za su fi kwatangwalo tsawo ba. Idan za ka je wurin gashi, ka sa ɗaya daga cikin yaranka ya ɗauke ka hoto da waya daga gefe kana cikin ɗinki, ka nuna wa wanda zai duba ka, kuma ka tafi da hoton ƙashin da kwalayen duk magungunan da ka sha, har da na kwalba.